"Ba Karaya Ba Ce," Aka Ce Mana

Uwargida, in maigidanki ko ɗanki na fita aiki Sharaɗa, Chalawa ko Bompai, ki ba ni aron hankalinki.

Shekara 2 ke nan da aka kawo mana ƙanena a adaidaita sahu daga wani kamfanin roba a Sharaɗa. Dilar kaya ce ta zame ta bugi gwiwarsa ta gefe. Aka yi hoton ƙashi, aka ce ba karaya. Umma ta yi hamdala, ta ce targaɗe ne, a kira mai ɗori. Ni da nake ma'aikaciyar jinya na ja bakina na yi shiru, don kada a ce boko ya sa na raina na gida. Shirun nan har yau yana cina.

Bayan wata 3 kumburi ya sace, amma ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Da ya juya sai gwiwar ta goce, ya zube. Aikin tsaye ya gagare shi, ga mata da 'ya'ya biyu.

A Asibitin Ƙashi na Dala likita ya riƙe cinyar, ya ja ƙwaurin gaba da baya, ya karkata shi gefe, sannan ya tura mu hoton MRI. Gwiwa tana da manyan jijiyoyi 4 masu kama da igiya: biyu sun gitta juna a tsakiya, biyu suna gefe da gefe. Biyu daga ciki sun tsinke, kuma hoton ƙashi ba ya nuna su.

Aka yi masa aiki, aka ɗebo jijiya daga bayan cinyarsa aka maye gurbin ta tsakiyar, aka gyara ta gefen. Sai sanda, sai gashi. Wata 9 ya yi kafin ya koma bakin aiki.

Don haka, 'yar'uwa, in gwiwa ta kumbura nan take bayan bugu, ko tana gocewa, kada kalmar "ba karaya" ta kwantar miki da hankali. In kuwa ƙafar ta yi sanyi, ta dushe, ko ba ya jin yatsunsa, ku tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Mai yiwuwa jijiyar jinin da ke bayan gwiwa ce ta taɓu, kuma jinkirin awa 6 zuwa 8 na iya jawo yanke ƙafa.

Kada ki yi irin shiruna. Allah Ya tsare mana masu fita nema.