Leda Bakwai, Duk Baƙaƙe



Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, sai ku yi haƙuri. Akwai wata 'yar'uwa da ta daɗe tana yi mini ƙorafi, wai babi na 9 zuwa na 11 na littafina na baya-bayan nan ba su yi kama da sauran ba, kamar wani ne daban ya rubuta su. Ta yi gaskiya ta wata fuskar. Ni ɗin ne na rubuta su, amma rubutu na biyu ne, na farkon ruwa ne ya cinye shi a kan dutse. Tunda an tambaya, bari in faɗi yadda aka yi, ko da kuwa za a yi mini dariya.

A tsakiyar watan Maris na 2022, saura kamar mako 2 a kama azumi, ɗan yayata ya ja ni zuwa Chappal Waddi. Yaron nan tun da ya yi bautar ƙasa a Taraba hawan dutse ya shiga ransa, ba ya da hira sai ta tsaunuka. Shi wannan dutse, wanda wasu ke kira Gangirwal, shi ne mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419, yana kan iyakarmu da Kamaru, a cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991. Ni kuwa abin da na taɓa hawa bai wuce Dala da Goron Dutse ba. Abin da ya sa na amsa masa, ina cikin rubuta littafin da jarumin zai gudu ya ɓuya a tsaunuka, kuma wallahi na gaji da siffanta falo mai kujerun alfarma da mota mai numfashi. Na ce bari in je in ga wurin da idona.

Shi ya samo mini jakar goyo a wajen 'yan gwanjo, irin babbar nan mai cin lita 60, mai ɗamara a ƙugu. Da ya kawo sai ya ce, "Kawu, ita wannan ba ita ce magana ba. Maganar tana wajen ƙananan jakunkunan da za ka zuba kaya a ciki kafin ka sa a babbar." Ya zazzage tasa a tsakar gida ya nuna mini: wata ja, wata shuɗiya, wata rawaya, wata ta raga kamar ta albasa, wata mai igiyoyi a jiki. Na dube shi na yi dariya. Na ce, "Wato in kashe kuɗi in sayi jaka don in sa ta a cikin jaka? Kai dai boko ya yi maka yawa." Na aiki yaro shagon bakin layi ya sayo mini baƙar leda, irin wadda ake zuba shinkafa kwano guda.

Mai ɗakina ce ta shirya mini kayan. Ta ƙulla su a leda 7, tana yi tana gaya mini, wannan na sanyi ne, wannan garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli, wannan kilishi da dabino, wannan maganinka ne da tocila, wannan littattafanka. Ina "to, to," hankalina yana kan waya. Abin kunyar shi ne, ni ne mutumin da ya taɓa cika shafi 4 yana lissafa kayan lefe, akwati saiti 12, wannan na atamfa, wannan na leshi, wannan na takalma da jakunkuna, amma nawa kayan na kwana 5 ban san wace leda ce ke ɗauke da me ba.

Tafiyar mota ba sai na daɗe a kanta ba. Kano zuwa Gombe, Numan, Jalingo, Bali, sannan Serti inda ofishin gandun yake, muka yanki takarda aka haɗa mu da ma'aikaci. Daga Mayo Selbe mota ta fara hawan Mambila, hanya tana nannaɗewa kamar maciji, kunnena ya toshe, sanyi ya fara ratsa rigata. Daga nan sai babur har ƙauyen ƙarshe, inda muka ɗauki wani dattijo Bafulatani da ya san hanya, sauran kuma sai ƙafa.

Tun ranar farko leda ta fara nuna mini halinta. Duk lokacin da aka tsaya hutu ina son dabino, sai na fito da leda 4 na kwance kafin in dace. Ƙulli kuwa in an ja shi da ƙarfi ba ya kwantuwa sai da haƙori, in ka gaji sai ka yaga. Cokalin da ke cikin kayan abinci ya huda tasa, sukari ya tsiyaye ya bi ƙasan jaka. Ɗan yayata yana kallona bai ce komai ba, amma na ga yana danne dariya.

Rana ta biyu da la'asar hadari ya haɗo. Mu 'yan Kano a Maris ba ma tunanin ruwa, amma can damina tana riga tamu sauka. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya kusan awa guda, babu wurin fakewa sai ciyawa. Bayan ya ɗauke muka zo tsallaka wani rafi da ya ƙaru, santsin dutse ya kwashe ni, na zauna daɓas a cikin ruwa har ƙirji, jaka a bayana. Aka ciro ni, aka yi mini sannu, muka ci gaba. Ban buɗe jakar ba sai da muka kafa tanti bayan magariba, na ciro rigar sanyi na tarar da ita sharkaf. Bargon ma haka. Yaron ya ba ni rigarsa guda, muka kwanta.

Ina da asma tun ina yaro, amma ta yi shekaru ba ta tashi sosai ba. Can cikin dare na farka ƙirjina ya ɗaure, numfashi yana fita da ƙara kamar ana busa sarewa. Wanda ya san ciwon nan ya san abin da nake nufi: iska tana nan ko'ina amma ba taka ba ce. Na laluba jaka a cikin duhu. Abin shaƙata yana cikin leda, tocilar da zan duba ledar ita ma tana cikin wannan ledar, wayata ta mutu tun a rafi. Na ciro leda ta farko na yaga, garin kwaki ya zube mini a cinya. Ta biyu, safa da singileti. Ta uku, wani abu mai laushi kamar jiƙaƙƙen burodi, ban ma tsaya tunanin mene ne ba. Duk girmansu ɗaya, duk santsinsu ɗaya, duk a jiƙe. Ina son in kira yaron murya ta ƙi fita, sai ƙafa na sa na shure shi. Ya zabura ya ce, "Kawu, lafiya?" Hannu ɗaya ya miƙa, ko dubawa bai yi ba, ya ciro tocilarsa ya haska. A leda ta 6 muka samu maganin. Ban san minti nawa abin ya ɗauka ba, amma na yi kalmar shahada a zuciyata ya fi sau 10, na kuma tuna 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya.

Da gari ya waye na ga abin da ke cikin leda ta uku. Littattafan rubutuna ne guda 3, irin na 'yan makaranta, babi 3 cif da na yi wata 2 ina rubutawa da hannu. Da ma da biro na gargajiya na rubuta da wataƙila wani abu ya tsira, to biro mai ruwan tawada nake so saboda laushinsa. Kowane shafi ya koma shuɗi kamar an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata.

Dattijon nan ya zo ya tsuguna ya duba, ya ce, "Malam, Allah ya mayar da alheri." Sannan ya buɗe nasa kayan, ba don ya koya mini ba, shayi zai dafa. Jakarsa buhun taki ne da ya ɗaura wa igiya. A cikin buhun akwai leda mai kauri guda ɗaya babba da ya murɗe bakinta ya lanƙwasa ya ɗaure da roba. Ashanarsa tana cikin tsohuwar robar magani mai murfi. Sukari da ganyen shayi a 'yar jakar tsumma, kuɗinsa da katinsa a wata 'yar jakar fata da ke rataye a wuyansa. Ya kyasta ashana ta kama a bugu ɗaya. Sai na tuna ai abin nan da na kira boko namu ne tun fil azal. Wanzami yana da zabira, kowace aska da gurbinta. Almajiri yana da gafaka don kada Alƙur'ani ya haɗu da sauran kaya. Fatake suna da taiki da burgami da salka, kowanne da abin da ake sa masa, mata kuma da tandun kwalli. Zuwan leda ne ya sa muka mayar da komai ƙulli ɗaya.

Mun kai ƙololuwar dai, da rigar aro da ƙirji mai ciwo. Amma ba wannan nake son faɗi ba.

Da muka dawo na zauna na sa yaron ya yi mini bayani dalla-dalla, wannan karon ba dariya. Ashe jakunkunan kala-kala ne, kuma kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka duk aikinsu ɗaya. Akwai ta nailan mai zariya a baki, wannan tattara kaya kawai take yi, ba ta hana ruwa, domin ko yadin bai sha ruwa ba bakin a buɗe yake. Akwai wadda ake naɗe bakinta, a matse iskar ciki, a ninka aƙalla sau 3 sannan a ɗana maɓalli. Ita ce mai hana ruwa, matuƙar an liƙe ɗinkinta ta ciki. Wannan batun ɗinki na koye shi da kuɗina: na kai wa telana yadin lema ya ɗinka mini guda 2, suka yi kyau, na sa takarda a ciki na tsoma a bokiti, ta fito a jiƙe. Duk inda allura ta bi, ruwa zai bi. Tun daga ranar ba na yarda da kowace jaka sai ta ci jarrabawar bokiti, ko in hura ta da iska in naɗe in danna in ji ko tana saki.

Mai igiyoyin nan a jiki ta matse bargo ce, tana mayar da shi kamar rabinsa. Amma ya gargaɗe ni kada in bar bargon a matse in an dawo gida, audugarsa za ta kwanta ya daina ɗumi. Ta raga kuma ta jiƙaƙƙun kaya ce da tukunya, ana rataye ta a waje ta sha iska, don in ka kulle jiƙaƙƙiyar safa a jaka mai hana ruwa, ranar da ka buɗe sai ka gudu.

Inda muka saɓa da shi shi ne yawa. Shi yana son kowane abu da jakarsa, har 9 yake ɗauka. Ni da na gwada a tafiyarmu ta biyu, duwatsun Shere na Jos, sai na ga in jakunkunan sun yi yawa kuma kowace an cusa ta ta yi tauri, zama suke yi kamar kankana a kwando, ramuka a tsakaninsu, rabin babbar jakar ya tafi a banza, ga kaya yana motsi a bayanka. Gara ka ɗauki wadda ta ɗan fi kayan girma ka bar ta da laushi, ta bi siffar maƙwabciyarta. Don haka na ari dabarar dattijon nan: leda mai kauri guda ɗaya babba ta shimfiɗe cikin jakar gaba ɗaya, bargo a can ƙasa, abinci da duk abu mai nauyi a tsakiya jikin gadon baya, rigar ruwa a sama. Ƙananan jakunkuna 4 kacal. Mai lita 10 ta kayan kwana da ba a taɓa su sai an shiga tanti, ta abinci mai zariya, sai masu hana ruwa 2 ƙanana, ɗaya ta littafi da waya, ɗaya ta magani.

Yaron ya ce in bambanta su da launi, ja na magani, shuɗi na tufafi. Shawara ce mai kyau da rana. Amma ni da na yi lalube a cikin tanti na san launi ba ya aiki a duhu. Sai na ce da mai ɗakina ta ɗaura wa jakar maganin wani ƙaton maɓallin tsohuwar rigar sanyi a jikin madaurinta, wanda da hannu ya taɓa zai gane. Ba ta ma shiga babbar jaka, a aljihun sama take zama, da dare kuma a gefen kaina tare da tocila. Abin shaƙa na biyu yana aljihun rigata. Rubutu kuma na koma biro na gargajiya, duk shafin da na gama in ɗauke shi hoto.

Littattafan nan 3 suna nan a cikin durowa, sun bushe sun kumbura, na kasa zubarwa. Ke kuma 'yar'uwa mai ƙorafi, tunda kin matsa, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: a rubutun farko jarumar ba ta koma gidan mijinta ba. Na tuna sarai na ba ta wani dalili mai ƙarfi a babi na 10, wanda ni kaina da na rubuta shi sai da na ajiye biro na yi shiru. Da na zo sake rubutawa na yi mako 3 ina neman dalilin nan a kaina ban same shi ba, shi ya sa na mayar da ita ɗakinta.