Abin da na ji a wayoyin Basirka

Duk wanda ya taɓa tashi daga Kano ya nufi Gombe ta Darazo ya san Basirka, ko da ta tagar mota ce. Ka wuce Wudil, ka bar hanyar Dutse a Kwanar Huguma, ka ratsa Birnin Kudu, ka shiga ƙasar Gwaram, to Basirka tana can gaba, daf da iyakar Jigawa da Bauchi. Ni ɗaurin auren ɗan wani aminina ne ya kai ni, a tsakiyar kaka, lokacin da ake kakkaɓar riɗi. Ko'ina ka duba buhuna ne a jingine, ga masu awo, ga dillalai da babura suna shiga ƙauyuka.

Da dare, a teburin mai shayi, sai na ga magidanta sun yi tsit sun kewaye waya ɗaya. Na zaci labarai ne daga Landan. Ashe muryar wani saurayin garin ce. Ya yi sallama, ya faɗi yadda aka sayi riɗi a kasuwar Sara, ya faɗi na Gujungu, ya faɗi na Dawanau a Kano. Sannan ya cire kuɗin mota, da na dako, da abin da ake biya a hanya, ya ce ga abin da zai rage wa mai buhu ɗaya idan ya kai Kano, ga kuma abin da zai samu idan ya sayar a ƙofar gida. Ya yi addu'a ya rufe. Duka bai kai minti biyar ba. Daga nan musu ya kaure tsakanin masu cewa a sayar da masu cewa a jira.

Washegari aka nuna mini shi a rumfarsa ta cajin waya, janareta na ƙara a bayansa. Ya gama difloma, aiki bai samu ba. Na tambaye shi ko ya san abin nan da yake yi shi ne samarin birni ke kira fodkas. Ya ce ya sani, har yana sauraron na jaridar Aminiya, Daga Laraba da Najeriya a Yau.

"Amma ni, Baba, buƙatata guda ce," in ji shi. "Kada manomin garin nan ya kwance bakin buhunsa bai san nawa ake saye a Dawanau ba."

Ya ce wata shekara mahaifinsa ya sayar da riɗinsa kaf, bayan kwana kaɗan wani ɗan'uwa ya zo daga Kano ya faɗi farashin can, tsohon ya kasa cin tuwo. Daga nan abin ya samo asali.

Maganar ta zauna mini, domin a Kano na sha ganin akasinta. Samari masu basira su haɗa kuɗi, su sayi makirufo da fitilu, su kama ɗaki, su ce za su yi shiri a kan kasuwanci. Makon farko kirifto, na biyu tsadar aure, na uku hira da ɗan siyasa. Kafin a je ko'ina shirin ya mutu, su ce mutanenmu ba sa sauraro. Ban yarda da wannan zargi ba. Bahaushe ya daɗe da riƙe rediyo: tun 1957 yake jin Sashen Hausa na BBC, kuma da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 kowa ya ga yadda gari ya karkata. Sai dai waɗannan gidaje suna da ma'aikata da wakilai, za su iya taɓa komai. Mutum ɗaya da waya ɗaya ba zai iya ba. In bai zaɓi mutumin da yake wa magana ba, da abin da yake so mutumin ya yi gobe da safe, to ba wanda zai ji cewa da shi ake.

A wurin saurayin nan kuwa, wannan buƙata guda ita ke yanke masa kowace shawara. Tsawon shirin, misali. Mai sauraronsa da kuɗinsa yake sayen data, da kuɗinsa yake cajin waya, saboda haka duk minti ɗaya na surutu cuta ce. Yana turawa ta WhatsApp, masu ƙananan wayoyi kuma su zo rumfa a zuba musu a memori. Ranar fitarwa ita ce jajibirin kasuwa, ba ranar da ya ga dama ba. Masu fitar da riɗi zuwa Sin da Japan da Turkiyya da kilo suke saye, manomi kuma da tiya da buhu yake lissafi, don haka shi ke zama ya juya musu wannan zuwa wancan. Yana kuma yawan nanata cewa a sheƙe, a cire ƙasa da tsakuwa, a bari ya bushe sosai, domin a nan ake kayar da farashi.

Na tambaye shi me ya sa na ji ya yi magana a kan adana wake, alhali ya ce farashi ne aikinsa. Ya ce duk abin da ke rage wa manomi kuɗin buhunsa ya shiga gonarsa. Gaskiyarsa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, ga shi kuwa akwai buhun PICS mai ruɓi uku da ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, ba tare da an zuba guba ba. Wannan ya shiga. Siyasa kuwa ba ta shiga ba, ko da yaran wani ɗan takara suka zo da alkawarin sabuwar waya.

Uwargidan mai masaukina tana da nata ƙorafin. Tana yin mai da ƙuli-ƙuli, ita saye take, ba sayarwa ba. Ta ce ta aika wa saurayin ya riƙa faɗin inda gyaɗa ta fi sauƙi, ya ce: "Inna, in na yi haka na zama mai baki biyu. Ki sa Yaya ta fara na mata, ni zan koya mata." Ta ji haushi a lokacin. Ni dai ina ganin ya yi daidai, kuma ina fatan 'yar tata ta fara, domin matan da ke sana'a a cikin gida su ne suka fi kowa rashin labarin kasuwa.

Ba zan ɓoye abin da ya dame ni ba. Farashin Dawanau daga bakin mutum ɗaya yake samunsa, wani ɗan garinsu da ke aiki a can, alhali farashin safe daban, na yamma daban. Na ce ya nemi na biyu da na uku, ya kuma riƙa faɗin lokacin da aka ba shi labarin. Sai maganar kuɗi. Wani babban mai sayen riɗi ya nemi ya ɗauke masa kuɗin data. Bai amsa ba, bai kuma ƙi ba, kuma na ga alamar aljihu na matsa shi. Na ce masa ya karɓi tallan mai taki, ko na mai POS, ko na direbobi, ya faɗa a fili cewa talla ce. Amma ranar da mai sayen riɗi ya zama shi ke biyan shirin da ke faɗin farashin riɗi, ranar amanar ta tashi.

Wani dattijo kuma ya tuna mini iyakar abin. Ya ce: "Alhaji, wanda ya ci bashin taki da damina, ko ya ji farashin Kano, riɗinsa na mai bashi ne." Wannan ciwo ne da murya a waya ba za ta warkar ba. Sai dai ko wanda ya ci bashin, in ji dattijon, yanzu ba a yi masa awo yana kallon ƙasa.

Kirana ga samarinmu na Kano da Zariya da Katsina masu niyyar buɗe shirin kasuwanci: kafin ku je sayen makirufo, ku zauna ku rubuta a layi ɗaya wa kuke wa magana, kuma me zai yi da abin da ya ji. Ku kuma 'yan kasuwar Dawanau, idan yaro ya kira ku daga Basirka yana tambayar farashi, don Allah ku faɗa masa na gaskiya.