Kifin da na sayar jika biyu

Ina aji shida na firamare kawuna ya kawo mani tsaraba daga daji. Direba ne, yana kai baƙi Tenere. Ya kwance bakin rawaninsa ya zuba mani wasu ƴan duwatsu bakwai a tafin hannu, baƙaƙe, masu sheƙi kamar an shafa musu mai, kowane mai kusurwa huɗu.

"Ɓawon kifi ne," in ji shi, "daga Gadufawa."

Na ce, "Haba Kawu, kifi a rairayi?" Mu ƴan Cirozerin kifin da muka sani shi ne na gwangwani. Abin da ƙasarmu ke fiddawa gawayi ne, wanda Sonichar ke ƙonawa ta ba Arlit da Agadas wuta. Na zuba su cikin gwangwanin sardin na ɓoye ƙarƙashin gado.

Da hutu ya zo na tafi Agadas wurin gwaggona. Kusa da babban masallaci wani mai sayar wa Turawa kayan tsaraba ya gan su, ya taya jika biyu. Ban ko yi ciniki ba. Na sayi takalmin ƙwallo, wanda bai kai ƙarshen shekara ba ya tsinke.

Sai a lise na gane abin da na yi. Malaminmu na ilimin halittu ya nuna mana hoton ɗakin ajiya na wani gidan tarihi a Turai: kwalabe jere, kowace da ɗan kifin teku bai fi yatsa ba, a jiƙe cikin alkol. Ya ce mu bar kallon kifin, mu dubi ƴar takardar da ke cikin kwalbar: ina aka kama shi, wace rana, wa ya kama. Ya ce in takardar ta ɓace, kifin ya tashi daga shaida ya koma kayan ado, don ba mai iya cewa daga ina ya fito.

Daga nan ya dawo da mu gida. Shekara wajen miliyan 110 da suka wuce Gadufawa koguna ne. Masu neman uraniyum na Faransa suka ci karo da ƙasusuwa a wurin, Philippe Taquet ya biyo su a 1965. Can aka tono katon kadan nan Sarcosuchus, da Ouranosaurus wanda ƙasusuwansa ke tsaye a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Akwai ma kifi mai sunan ƙasarmu, Mawsonia tegamensis, wato na Tegama, wanda Sylvie Wenz ta bayyana a 1975. Danginsa na raye har yau a tekun Indiya. An zaci sun ƙare sai da aka kama ɗaya a Afirka ta Kudu a 1938.

Wallahi ranar kunya ta kama ni. Mun saba cewa Turawa sun kwashe mana kaya, kuma gaskiya ne da yawa suna Faris da Shikago. Amma nawa fa? Ba wanda ya ƙwace. Ni na miƙa da hannuna, babu suna, babu rana, babu wuri. Wanda ya kai Faris aƙalla ya rubuta inda ya ɗauka, ana iya bin sawu a ce a maido. Nawa ko na je nema, me zan ce?

Kawu ya rasu shekara uku ke nan, Allah ya jiƙansa. Shi kaɗai ya san gindin tudun da ya tsince su, kuma ban taɓa tambayarsa ba.

Yanzu ina da ƙaramin littafi. Duk dutsen da na ga alamar ganye ko ƙashi a jikinsa, nakan ɗauki hoto da waya, in rubuta rana da wurin, in bar shi nan. Ƙanena yana mani dariya, wai na zama magatakardan duwatsu. Jiya ya zo da nasa a aljihu, sai da na sa shi ya kai ni inda ya ɗauko.