Tokar da Kawu ya so ya kai gona

Hausawa na cewa wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Kawuna bai ƙona nasa ba, wutar daji ce ta cinye masa guda biyu a hunturun da ya wuce, amma shi ma ya san inda toka ke da daraja. Da na isa ƙauyenmu da ke ƙasar Faskari kwana uku bayan gobarar domin yi masa jaje, na iske an riga an ɗora wa jaki mangala, samari biyu na kwasar toka da shebur za su kai gona.

Wutar ta taso ne daga bakin daji da la'asar, iska ta koro ta cikin busasshiyar ciyawa da karan dawa da aka bari a gonaki, ta kama darni, ta haura jinka. Wasu sun ce yara masu farautar gafiya ne suka cinna ta, wasu sun ce masu cin zuma, wasu kuma suka rage murya suka ce mutanen daji ne. A Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara yanzu ba a tsananta bincike a kan irin wannan tambaya. Mun gode wa Allah ba a rasa rai ba. Bayan rumbunan, abin da ya fi ciwo shi ne shagon Kawu da ke ƙofar gida, wanda ya ƙone ƙurmus.

Shagon nan ne ya tsayar da ni. Na san abin da ke cikinsa, don ni na taimaka masa da jari. Akwai kwalayen maganin ciyawa da na ƙwari da suka rage daga damina, da buhunan taki, da jarkokin fetur, da tarin leda da bokitan roba, sannan ga manyan batura huɗu na sola da yake cajin wayoyin mutanen gari da su. Duk sun narke wuri guda. Inda baturan suke, ƙasa ta yi wani tabo fari-fari, ga dunƙulen ƙarfe mai nauyi da yara suka tsinta suna jifa da shi.

Na ce, “Kawu, don Allah a dakata da kwasar ta shago.”

Ya dube ni kamar wanda ya yi saɓo. “Kai ɗan nan, boko har ya hana ka sanin toka? Tun kakanninmu da ita ake gyara gona. Innarka ma da ruwanta take miya.”

Gaskiya ya faɗa, a kan tokar da ya sani. Tokar kara da itace tana ɗauke da sinadaran da shuka ke so, tana kuma rage tsamin ƙasa, shi ya sa inda aka ƙona sassabe dawa ke fin ta ko'ina kyau. Gidan da kakanmu ya gina, in ya ƙone, babu abin da zai bari sai ƙasa da kara da azara. Amma gidan yau ba shi ba ne, kuma dalmar da ke cikin batir wuta ba ta cinye ta. Tana narkewa da zafin da bai wuce maki 327 ba a ma'aunin Salshiyos, ta bi toka ta zauna a saman ƙasa shekara da shekaru, ba ta ruɓewa, ba ta wari.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a yi mana dogon bayani a kan dalma ba, domin Zamfara maƙwabtanmu ne, daga 'Yankara mutum ya ɗan matsa sai Tsafe. A shekarar 2010 aka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda dutsen zinare mai dalma da ake dakawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Abin da ya fi zama a raina daga wancan lokaci shi ne matsayin ƙungiyar likitoci ta MSF, cewa ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi tsakar gidan da ya gurɓace, sai an fara gyara ƙasar. Gyaran kuwa aikin hannu ne: a auna ƙasa da wata na'ura da ake riƙewa a hannu, a kankare samanta, a kai rami a binne, a zubo sabuwa. Garin Bagega ya jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. A 2015 kuma abin ya sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, ya kashe yara 28.

Ba na cewa batura huɗu sun kai dakan zinare na gari guda. Amma ƙofar gidan Kawu nan ce jikokinsa ke rarrafe, kuma yaro mai shekara biyu duk abin da hannunsa ya taɓa baki yake kai shi. Rijiyar gidan ba ta fi taku ashirin daga shagon ba, gonar da za a kai tokar kuwa fadama ce da ake shuka tumatir da alayyafo da rani.

A daren nan, ina kwance a zaure ƙaurin hayaƙi ya hana ni barci, sai na tuna labarin wani gari da na karanta. Sunansa Jasper, a lardin Alberta na ƙasar Kanada, kuma yana tsakiyar wani gandun daji na ƙasa. A watan Yulin 2024 wutar daji ta shiga garin, aka kwashe mutum kusan 25,000 har da baƙi masu yawon buɗe ido, gine-gine 358 suka ƙone, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na garin. Da yake filayen garin a hannun hukumar gandun daji suke, haya kawai mazauna ke yi, ba wanda zai sake aza tubali sai ya kwashe ɓaraguzai, an ɗebi ƙasar filinsa an kai ɗakin gwaji, hukuma ta gamsu cewa ba guba. In gwaji bai yi kyau ba, a ƙara haƙa, a sake gwadawa. Mutanen garin sun yi ta kokawa cewa ma'aunin ya yi tsauri, kuɗin na cinye abin da inshora ta ba su na gini, ga watanni na wucewa suna zaune a gidajen wucin gadi.

Lokacin da na fara karantawa dariya na yi, na ce masu abu da abinsu, har toka sai an yi mata jarrabawa. A zauren Kawu dariyar ba ta zo ba. Sun san abin da ke cikin tokarsu, rigimarsu a kan wanda zai biya ce. Mu ba mu ma kai ga tambayar ba.

Da safe na ɗebi ƙasa a leda uku, ɗaya daga gurbin baturan, ɗaya daga inda magungunan feshi suke, ɗaya daga bakin rijiya. Da na koma birni na kai wani ɗakin gwaji. Ma'aikacin ya karɓe ni da mutunci, ya kuma koya mini abin da ban sani ba. Gwajin da aka saba yi wa manomi, na sanin irin takin da gona ke buƙata, daban yake da na neman dalma, na neman ragowar maganin ƙwari kuma shi ma daban, kuma ya fi tsada. Kowace leda da kuɗinta. Ya ƙara da cewa yadda na ɗebo ba daidai ba ne, kamata ya yi ma'aikaci ya je da kansa ya ɗiba daga wurare da yawa. Da na faɗi sunan ƙauyen sai ya yi murmushi, ya ce ko an biya shi ninki ba zai bi wannan hanya ba. Ban ga laifinsa ba. Da ya haɗa lissafi, kuɗin ya haura na kwanon rufin da Kawu ke nema ya mayar da shagonsa. Na biya na leda ɗaya, ta gurbin baturan. Sakamakon ya nuna dalma da yawa, yadda na yi zato.

To, a nan ne na ga mutumin Jasper da Kawuna sun haɗu. Wanda wuta ta cinye wa dukiya shi ne mafi ƙarancin iya biyan gwaji, alhali gubar da ke cikin tokarsa ba tasa ba ce shi kaɗai, ruwan sama zai kai ta kwata, kwata ta kai fadama, tumatirin ya tafi kasuwar Sheme ko Funtuwa. Abin da zai shafi kowa, daga baitulmali ya kamata a biya shi. Kuma ba wani abu ne da ya fi ƙarfin jiha ba: na'urar hannu irin wadda aka yi aiki da ita a Zamfara, da ma'aikatan gona biyu ko uku 'yan asalin yankin da aka koya wa amfani da ita, za su iya zagaya ƙananan hukumomi uku. Idan hukumar agajin gaggawa ta kawo shinkafa da tabarmi bayan gobara, me zai hana a haɗa da mai auna ƙasa?

Maganar ba ta nesa ba ce, domin mu ma muna dab da zama mutanen gefen gandun daji. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da mayar da dazuzzuka goma gandun daji na ƙasa, cikinsu har da dajin Kogo da ke yankinmu da na Falgore a Kano. Can kudu da mu kuma ga Kamuku a Birnin Gwari tun 1999. Yau rashin tsaro ne ya hana a ji motsin wannan hukunci, amma ranar da ƙura ta lafa, ma'aikata za su zo da dokokinsu. Dokar hana ƙona daji ma tana nan a rubuce, hukumar NESREA ta fitar da ita tun 2011, sai dai ban taɓa jin wanda ya karanta wa mai farautar gafiya ita ba. Ina maraba da gandun, don na ga yadda gawayi ya cinye itatuwan da na sani ina yaro. Fargabata ita ce doka ta iso da tara da takardar izini, ta bar kuɗin cika ta a wuyan mutumin da ke kwana a zauren maƙwabci.

Na kira Kawu na karanta masa sakamakon. Ya yi shiru, sannan ya ce, “To, yanzu ƙaƙa za a yi?” Abin da muka iya shi muka yi. Na koma ranar Asabar, aka yi gayya. Muka yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, samari suka ɗaure hanci da ƙyalle, aka kankare ƙasar shagon kamar zurfin tafin hannu, aka zuba a buhuna. Muka haƙa rami a kan wani tudu mai tsakuwa nesa da rijiya da fadama, muka binne, aka kewaye da ƙaya. Dunƙulen dalmar da yara suka ɓoye sai da Inna ta bi ɗaki-ɗaki ta karɓo. Tokar rumbunan kuwa, wadda kara ce da dawa zalla, Kawu ya kai gonarsa, mangala shida, yana yi yana kallona.

Ya sake gina shagon a gurbinsa kafin azumi, ya sayo batura biyu na hannu. Ledar bakin rijiya da ta magungunan feshi suna nan cikin durowata, da kwanan wata a jikinsu, kuma daga rijiyar ake sha har yau.