Monteri: inda ake wanke ruwan teku da haske

Garin Monteri yana bakin Tekun Fasifik a jihar Kaliforniya ta Amurka, tafiyar kamar awa biyu a mota daga San Faransisko idan aka nufi kudu. A da, an san shi da kamun kifin sadin, irin wanda muke ci a gwangwani. Masana'antu sun cika bakin ruwa, har kifin ya yi ƙaranci, aka riƙa rufe su ɗaya bayan ɗaya. A harabar ɗaya daga cikinsu, wadda aka rufe a 1973, aka gina gidan kifaye na Monterey Bay Aquarium, aka buɗe shi a watan Oktoba na 1984, da kuɗin attajirin nan David Packard da matarsa Lucile. Wurin da ake yanka kifi a da, yanzu kiwonsa ake yi ana nazarinsa.

Abin da ya fi tsayar da mu, ni da 'yan ajinmu, shi ne wani tanki mai tsawon fiye da mita 8, cike da doguwar ciyawar teku da ake kira kelf. Samansa a buɗe yake don rana ta shiga, kuma akwai injin da ke kaɗa ruwan kamar igiyar teku, ciyawar na rausaya, kifaye na ratsawa ta tsakaninta. Ruwan garau, kai ka ce babu komai tsakaninka da kifin sai gilashi. Yara suna kallon kifi, ni kuwa ruwan nake kallo. Yaya aka yi ruwan teku ya yi haske haka?

Amsar tana bayan gini, inda bututu da famfuna suke. Gidan yana zuƙo ruwa kai tsaye daga teku, wajen lita 7,500 a kowane minti. Da rana ana tace shi don baƙi su ga kifi sosai. Da dare kuwa, bayan an watse, sai a saki ɗanyen ruwa ba tacewa. Dalili shi ne ruwan teku cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira filankton, kuma su ne abincin halittu da yawa da ke manne a jikin duwatsun tankin. Da za a kashe su duka, da masu cin su ma sun mutu da yunwa.

Amma akwai ruwan da ba a yi wa sassauci. Gidan yana da halittun da aka kawo daga wasu tekuna masu nisa. Ruwan da ya ratsa tankunansu sai an tace shi, an bi da shi ta fitilun alturabayolet, kafin a mayar da shi teku.

Ga yadda fitilar take aiki. Hasken alturabayolet ido ba ya ganinsa, kuma nau'insa mai kashe ƙwayoyin cuta yana da tsawon zango na kusan nanomita 254. Ana sa fitilar a cikin wani hannun gilashin kwaz, domin gilashin taga yana tare wannan haske, sannan a sa su cikin rufaffen bututu. Ruwa na wucewa ta gefenta, hasken na lalata DNA na ƙwayoyin bakteriya da gansakukar da ke yawo, sai su kasa hayayyafa. Ba ta zuba wani magani a ruwa, ba ta canza gishirinsa.

Sai dai tana da iyaka. Abin da ya wuce ta gabanta kaɗai take kashewa. Ƙwayar da ta riga ta manne a jikin kifi ko ta ɓuya a yashi, babu ruwan fitila da ita. Shi ya sa masu kiwon kifin teku suke killace sabon kifi na wasu makonni kafin su haɗa shi da sauran. Idan ruwa ya yi gudu da yawa, hasken ba ya samun lokacin aiki, musamman a kan manyan ƙwayoyi irin wadda ke sa wa kifi farin ɗigo a fata. Idan ruwan ya yi dauɗa, ƙwayoyin sai su fake a bayan ƙura, don haka tacewa ce ke gaba, haske na biye. Fitilar kuma ƙarfinta na raguwa tun tana ci, shi ya sa akan canza ta kusan duk shekara. Kuma ba a kallonta a buɗe, tana ƙona ido da fata.

Me ya sa ake wannan wahala a kan ruwan da za a zubar? A 1984 an ga wata ciyawar ado ta akwatin kifi, Caulerpa taxifolia, a ƙasan teku a gaɓar Monako. Ɗan fili ne da bai wuce shimfiɗar tabarma ba. Cikin shekaru ta bazu zuwa gaɓar ƙasashe da dama na Bahar Rum, tana danne ciyawar asali da kifaye ke rayuwa a ciki. A 2000 ta ɓulla a Kaliforniya, kusa da San Diyego, kuma ana kyautata zaton daga ruwan akwatin kifi da aka zubar ta fito. An lulluɓe ta da tamfol, aka sa mata kulorin, aka kashe miliyoyin daloli, sai a 2006 aka ce an gama da ita. Guntun ciyawa matata ke kamawa, ƙwayoyin da suka sulale kuma fitila ke jiransu.

'Yan uwana ɗalibai, wannan fitila ba ta yi mana nisa ba. Masana'antun ruwan leda a garuruwanmu suna amfani da irinta bayan sun tace ruwa, kuma dokokinta ɗaya ne: a tace tukuna, kada ruwa ya yi gudu, a canza fitila a kan lokaci. Idan makarantarku za ta kai ziyara irin wannan masana'anta, ku nemi a nuna muku bututun, ku tambayi yaushe aka canza fitilar. Wanda ya san amsar, ya san aikinsa.

A Monteri sun san ruwan da za su bari da ransa, sun kuma san wanda za su haska. Wannan hukunci ba fitila ke yanke shi ba, mutanen da suka karanta Bayoloji da Fiziks ne, darussan da kuke yi a aji yanzu.