Ɗigon Ruwa Daga Tirkaniya

A Tirkaniya na tashi, inda jiniyar masaƙun Kakuri ke tashe mu tun da sassafe. Da masaƙar da mahaifinmu ke aiki ta durƙushe, sai aka soma shawarar cire ni daga Kwalejin Sarauniya Amina, tunda akwai ƙanne maza uku a bayana. Mahaifiyata ce ta sayar da kwanukan jerenta ta biya mini kuɗin jarrabawa. Yau a ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, ina binciken ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro a cikin jini.

Bara muka koma makarantar, mu tsofaffin ɗalibai, domin ganawa da ƙannenmu. Na ɗebo ruwan wani kududdufi na unguwarmu, na ɗiga a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Wata yarinya ta leƙa, ta zabura, ta ce, "Anti, yana motsi!" Bayan an watse ta biyo ni, murya ƙasa-ƙasa, tana tambaya ko matar aure na iya zama masaniyar kimiyya, domin an sa mata rana.

Na ba ta labarin Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, wadda ta shiga jami'a tana da shekara 29, bayan aure da haihuwa, har ta samu lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier a 2015.

Washegari na je gidansu na durƙusa gaban mahaifinta. Mun daɗe muna magana kafin ya amince a gindaya wa angon sharaɗin barin ta ta ci gaba da karatu.