Kafin magariba a hanyar Funtua

Mai sarin masara tsakanin Dandume, Bakori da Malumfashi da rana yake fara lissafi, kuɗi daga baya. Hanyoyin Zariya, Gusau, Birnin Gwari da Katsina duk a Funtua suke haɗuwa, kuma da kaka tireloli kan kafe a bakin titi suna lodi, 'yan acaɓa na kurɗawa, ƙaramar mota ta rasa inda za ta sa kai.

Cunkoson bai kai na Kano ba. Sai dai a Kano jinkiri ɓacin rai kawai yake jawowa; a nan awa guda da ta salwanta ita ke sa magariba ta riski mutum a wajejen Sheme. A 2021 Gwamna Masari ya hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ya turo su ta Funtua. Hanya ta ƙaru, yini bai ƙaru ba.

Na taɓa bin wani falke da ya fita daga cunkoson bayan la'asar sakaliya. Ya dubi sama, ya juya kan mota. Kuɗin masauki da na mai gadin kaya, a kan buhun masara ya ɗora su.